Kurman Bariki

Ranar da na fara ganin kurma, a ƙofar ɗakin Inna yake, an tokare ƙyaure da shi don kada iska ta rufe. Kwanana uku da tarewa a gidan mijina, a wani ƙauyen masunta da ke bakin tafki kusa da Wara. Wani ƙarfe ne mai tsinin kai, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, duk ya yi tsatsa. Amma a gindinsa akwai wani jan ƙarfe da ya zagaye shi kamar munduwa, da zane-zane a karkace, rana tana dukansa yana walƙiya. Na durƙusa zan gaida surukata, idona yana kan munduwar.

"Kurma na, ɗiyata," in ji Inna. "Tun mijinki na goye shi ka tsaron ƙohwag ga. Bai taɓa ce ma kowa komi ba."

Daga baya aka yi mini bayani. Bayan ƙauyen akwai wani makeken fili da ake kira Bariki, inda sojoji suka zauna suna koyon harbi tun zamanin yaƙin basasa. Mutanen garin suna cewa igwa tana kiran 'ya'yanta ne in ta harba su. Mai ji ya amsa ya fashe. Wanda bai amsa ba kurma ne, kuma kurma ba ya ji har abada. Da sojoji suka kwashe suka tafi, mutane suka riƙa tsinto kurame. Wani ya tokare ƙofa, wani ya danne rufin ɗaki, wani ya ɗaura wa jirginsa ya zama anga.

Ina rubuta wannan ne domin na san har yau akwai gidan da kurma yake kwance a bakin ƙofa, yara suna zama a kansa.

Sunan mijina Sahabi. A takarda kawai nake iya faɗa. Ni na yi firamare a Yelwa, kuma tun ina budurwa ba ni da abin so kamar littattafan soyayya na kasuwa. Da su na tare, cike da kwalla guda. Shi ko bai san ko baƙi ɗaya na boko ba. Da la'asar yakan zauna yana ɗinkin taru, ni ina karanta masa, yana saurare kamar mai jin labarin duniya a rediyo, yana kuma tsokanata.

"'Yar boko, shi wanga saurayi na littahi, yaushe shi ka zuwa aiki? Tun jiya shina tsaye ƙohwar gidan mutane."

"Ai so ne aikinsa."

"To Allah shi ba shi albashi."

A shekarar da aka cire Kabi daga Sakkwato aka fara maganar gyaran Bariki. Daji ya riga ya cinye wurin. Manoma ba sa shiga, maharba ma suna tsoron sa masa wuta, don in gobara ta bi ta ciki ana jin abubuwa suna tashi. Saboda haka namun daji suka mai da shi gida. Na taɓa leƙawa da matan da ke itace, na ga barewa biyu tsaye a tsohon filin fareti, zabbin daji suna kiwo cikin ɗakin da rufinsa ya rushe, gauraka suna taku a bakin rafi kamar amare. Na dawo ina ta ba shi labari, na ce wurin ya dace da masoya. Ya ce in je in ga mushen gadar da waya mai ƙaya ta shaƙe yana ruɓewa, da duro-duron baƙin mai da ke tsiyaya cikin rafin, kifi yana tasowa ciki sama.

Sabuwar gwamnati ta ce za ta share wurin ta mai da shi gandun namun daji. Ma'aikatan daji suka zo tare da sojoji masu kwance bam. Aka ɗauki mazan ƙauye aikin naɗe waya da fitar da duro, Sahabi yana cikinsu. Shugaban sojojin wani dattijo ne, Saje Bitrus, mutumin kan dutse, mai Hausa garau. Ya tara gari a ƙofar gidan hakimi ya ce duk mai irin wannan ƙarfe a gida kada ya taɓa, kada ya ɗauko, su za su bi gida-gida. Wani ya ce masa ai kurame ne.

"Ba kurma ba ne," in ji Saje. "Yana ji sarai. Sunansa ne ba a kira daidai ba tukuna."

Aka yi dariya. Ni ma na yi da aka ba ni labari.

Ranar da aka ce gobe za su zo unguwarmu, ina karanta masa wani littafi inda saurayi ya sa wa budurwa munduwa a hannu a bakin kogi. Na rufe littafin na kalli ƙofar Inna.

"Gobe za su tafi da tawa munduwar," na ce.

"Wacce?"

"Ta gindin kurma. Tun da na zo gidan nan nake kallonta. Wasu mazan ba sai an roƙe su ba."

Wasa nake yi, irin na mace da mijinta. Ya ci gaba da ɗinki. Washegari da hantsi ya naɗe kurma a buhu ya tafi wurin abokinsa Audu maƙeri, a gindin tsamiya.

Ina daka ne na ji ƙarar. Ba a kunne na fara jinta ba, a ƙirji. Tabarya ta suɓuce mini, ƙasar rufi ta zubo cikin turmi, tsuntsayen bakin tafki suka tashi gaba ɗaya har sama ta yi duhu. Na juya na ga ƙyauren Inna yana lilo, babu abin da ya tokare shi. Ban san na fita ba mayafi ba sai daga baya.

Maƙera babu ita. Rumfar ta tashi, rassan tsamiya suna hayaƙi, ganye yana ta zubowa kamar ruwa. Audu ne ya ɗora kurfin yankan ƙarfe a kan munduwar ya sauke guduma. Ba zan faɗi yadda na gan shi ba. A tabarma biyu aka tattara shi, kuma sai da aka hau tsamiya. Sahabi yana bayan 'yar katangar zuga-zugi lokacin, hannunsa na dama a kan katangar. Na same shi zaune daram, idanu a buɗe, jini yana fita daga kunnuwansa biyu yana bin wuya. Hannun ya dare daga tafi zuwa wuyan hannu, yatsu biyu babu, sauran suna rataye. Na kira shi, na yi ta kira har da sunan da ban taɓa faɗa ba. Yana kallon bakina.

Saje Bitrus ne ya fara isowa. Ya cire ɗamararsa ya ɗaure dantsen, ya ja da haƙori har jinin ya tsaya. Hanya ta lalace da ruwan damina, sai a jirgin inji aka kai shi Wara, kansa a cinyata, ruwan cikin jirgin ya koma ja. A ƙaramin asibiti suka wanke suka naɗe suka ce mu yi gaba. A bayan motar ma'aikatan daji muka isa babban asibiti bayan azahar.

Makon farko na koyi layi. Layin kati, layin hoto, layin magani, layin ruwa a famfo ɗaya. Babu jini a ajiye, sai dangi sun bayar. Yayansa Manu ya bayar, Saje ya nannaɗe hannun riga ya bayar, bai ma jira an tambaye shi ba. An tsince ƙarfe daga ƙirjinsa da cinyarsa da kumatu, ana jefawa a kwano ina jin ƙararsu. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi mini tsawa don na zauna a gefen gado. Ita ce kuma da ta ga ban ci komai ba ta raba tuwonta biyu. Har yau ban san ko in yi mata addu'a ko in yi fushi da ita ba, sai nake yin addu'ar.

Likita ya leƙa kunnuwan da 'yar fitila ya ce dodon kunne ya fashe duka biyu, abin da ke can ciki ma ya taɓu. Game da hannu kuwa ya ce a yanke daga wuyan hannu, yanzu, tun abin bai hau ba.

Yaya Manu ya miƙe tsaye.

"Gidanmu ba a kai mutum kushewa guntu-guntu. Masunci na. Da mi za shi jan taru?"

"Hannun ya riga ya mutu," in ji likita. "Mai hannun muke nema."

Ba wanda ya tambayi Sahabi, don ba ya ji. Ba wanda ya tambaye ni, don ni amarya ce, kuma magana ta riga ta zaga cewa ni na aike shi. Shi kuwa tambaya ɗaya yake yi, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, har masu jinya suna juyowa.

"Ina Audu? An kawo shi nan?"

Manu yakan ɗaga masa hannu alamar yana gida lafiya.

Masu dubiya kowa da tasa. Wata gwaggo ta ce a ɗiga man kada a kunnen. Wani ya ce aljanun Bariki ne suka ji haushin an zo tashinsu. Wani ya ce akwai mai ɗori a wajen Shanga da yake kiran ƙarfe ya fito daga jiki, ya haɗa ƙashin da ya niƙe. Wannan ce ta shiga kunnen Manu. Ran kwana na takwas ya dangwala yatsa a takardar cewa sun fitar da shi da kansu. Aka sayar da tarun da yake ɗinka, aka ɗauki mota.

Mako biyu muka yi a gidan mai ɗori. Ba zan zage shi ba, na ga masu karaya sun zo a kwance sun tafi da ƙafarsu. Amma wannan ba karaya ba ce. Ya kwance bandeji ya shafa wani baƙin magani da man shanu, ya jera karare ya ɗaure tam. Mutum huɗu suka danne Sahabi, ya yi ƙara har ya ciji harshensa. Kwana uku hannun ya kumbura ya fi ƙarfin ɗaurin. Kwana biyar wari ya fara. Nakan zauna da mafici ina korar ƙuda daga safe zuwa yamma, ina ba shi kunu da ludayi yana dawowa da shi. Zazzaɓi ya riƙa kaɗa shi har gadon kara yana motsi. Mai ɗori ya ce dafi ne yake fita.

A cikin mako na biyu na ɗaga gefen tsumman da safe, na ga tsutsa. Fatar ta yi baƙi har ta wuce gwiwar hannu, in an danna tana ƙara kamar busasshen ganye. Na fita bayan ɗaki na yi amai. A littattafaina in masoyi ya kwanta ciwo, budurwa takan share masa gumi da hankici ya buɗe ido ya yi murmushi. Babu wanda ya taɓa rubuta warin.

Ranar kasuwa ce. Na ba wani direba saƙo zuwa Bariki, na ce a faɗa wa Saje Bitrus hannun ya yi baƙi. Washegari kafin azahar sai ga motar ma'aikatan daji a ƙofar gida.

Manu ya gane ni ce na aika. A tsakar gidan mutane ya ɗauke ni da mari har na faɗi kan murhu.

"Ke kin ka kashe maƙeri, kin ka kurmanta shi, yanzu hannun kika so? Don munduwa?"

Inna tana zaune a bakin ƙofa, ba ta ɗago ba. Saje ya shiga tsakani, ya ce shi ba zai ɗauki kowa da ƙarfi ba, amma mai hannun yana da rai, a tambaye shi.

"Ta yaya?" in ji Manu. "Ka ga shina ji?"

Na tashi, bakina yana jini, na shiga ɗakin. Sahabi yana kwance, idanunsa sun faɗa. Bai iya karatu ba balle in rubuta. Na ciro tandun kwallina daga ƙugu. Na ɗaga hannun nan a hankali na kai kusa da hancinsa, ya kau da kai. Na ja layi da kwalli a dantsensa, sama da inda baƙin ya tsaya, na yi alamar yanka da gefen tafina. Sannan na nuna shi, na nuna ni, na haɗa yatsuna biyu. Na goge layin da yawu, na nuna baƙin yana hawa, kafaɗa, wuya, ƙirji. Na kwantar da tafina a ƙasa na tura turɓaya a kai.

Ya daɗe yana kallon turɓayar.

"Ina Audu?" ya ce.

Manu yana tsaye a bakin ƙofa yana girgiza mini kai. Na ɗaga hannuwa biyu na shafa a fuska, alamar Allah ya jiƙansa.

Ƙarar da ya yi ba ta mutum ba ce. Ya buga kansa da bango sau biyu kafin Saje ya rungume shi, goshinsa ya fashe, ya shure kwanon kunu. Da ƙarfinsa ya ƙare ya kwanta yana haki. Can ya miƙo hannun hagu ya karɓi kwallin daga wurina. Da kansa ya mayar da layin a dantsensa, a karkace.

"Yaya," ya ce, duk gidan suna ji, "na gaji da ɗaukar gawa. Ku kai ni a sauke min ita."

Inna ce ta fara tashi ta naɗe tabarma.

Likita bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi. Ya duba kawai ya ce da mun bari an yanke tun makon farko, da yau yana da gwiwar hannu. Sahabi ya dangwala babban yatsan hagu a takarda. Aka yanke kusa da inda ya ja layin. Aka sayar da injin jirgi, ni kuma na sayar da kwallata da abin da ke ciki, ban da littafi ɗaya. Manu ya sake ba da jini. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba, amma kullum ya zo da gasasshen kifi a gabana yake ajiyewa.

Mako shida muka ƙara. Wankin ciwon kowace safiya sai an riƙe shi. Yakan ce yatsun da babu su suna masa ƙaiƙayi, in sosa masa, sai in sosa zanin gado a inda hannun ya kamata ya kasance. Kunnen hagu ya yi ta zubar da ruwa wata guda sannan ya bushe. Ji bai dawo ba. Ya ce abin da yake ji kawai wani kuka ne kamar na injin jirgi daga nesa, wanda ba ya isowa.

Wata la'asar ya ga littafin a cinyata. Ya ce in karanta. Na nuna kunnensa. Ya ce ya sani, in karanta dai, yana son ganin bakina. Na karanta shafi guda hawaye yana ɗiga a kai. Ya sa yatsa a kan wata kalma ya ce wannan fa? Na rasa yadda zan yi, sai na nuna ruwan da ke kofi. Ruwa. Ya bi baƙaƙen da yatsa ɗaya-ɗaya. Daga nan muka fara. Kafin a sallame mu ya san ruwa, kifi, Inna, zafi, da sunana. Kalmar farko da na rubuta masa da kaina a bayan katin asibiti ita ce gafara. Sai da ya yi wata uku kafin ya iya karanta ta. Ya karɓi fensir da hagu ya ja layi a kanta, ya ce ba ni na riƙe guduma ba.

Matar Audu ba ta sake amsa gaisuwata ba har ta koma garinsu da 'ya'yanta. Ban ga laifinta ba.

Bayan abin da ya faru babu gidan da ya ɓoye kurma. Saje da mutanensa suka kwashe su, daga rufi, daga jirage, har daga ƙarƙashin tukunyar wata mai ƙosai, suka tara a rami cikin Bariki suna tayarwa. Ina gode wa Saje Bitrus, da likitan, da ma'aikaciyar da ta raba tuwonta. Ina kuma cewa da an bi gida-gida tun ranar da aka yi shela, ba a ce sai gobe ba, da Audu yana maƙerarsa. Wanda ya ga irin wannan ƙarfe, kada ya ɗaga, kada ya kai wa maƙeri, komai daɗewarsa a gidan. Wanda likita ya ce masa a yanke, ya tambayi mai ciwon tun da wuri, ko da da kwalli ne.

Sahabi bai sake jan taru ba. Da aka gama share Bariki aka kafa masa iyaka, Saje ya yi masa magana aka ɗauke shi gadin gandun. Shekarunsa da yawa ke nan yana zaga wurin da sanda a hagu. Rafin ya washe, kifi ya dawo, barewa sun yi yawa har suna fitowa gonakin mutane ana kai ƙara. Ya ce sun daina gudunsa, wataƙila don ba ya juyawa in sun yi motsi. Duk damina ruwa yakan tono wani ƙarfen da aka tsallake. Shi yake fara gani. Ya kafa jan ƙyalle, ya zauna nesa ya tsare hanya, ya rubuta takarda da hannun hagu a kai wa hukuma.

Duk yankin Kurman Bariki suke ce masa, ya sani, ba ya damuwa. Bara wasu baƙin masunta suka zo cin rani, ɗayansu ya tsinci ƙarfe a bakin rafi ya rungumo. Sahabi ya tare shi, ya sa shi ya ajiye a hankali, suka ja baya. Mutumin yana dariya yana ce masa ai kurma ne. Sahabi ya karanta bakinsa. Ya zare hannun rigarsa na dama ya nuna masa dungun.

"Ni na kurma," ya ce. "Shi shina ji."